Mun Kai Motar Yaya Garin da Ba a Ɗauke Wuta

Kano

Tun kafin a kira assalatu na ji Yaya Bashir yana ƙwanƙwasa mini taga. Bai san ban runtsa ba. Jakata tana bakin ƙofa tun la'asar, fasfo yana aljihun gaba na dafe shi kamar wani zai zo ya ƙwace. Na haura shekara arba'in a duniya ban taɓa wuce Legas ba, yau ga ni za ni Jidda, kuma ba hannu rabbana ba, da hajar sayarwa.

Bari in fara da hajar. Yaya Bashir shi nake bi, asalinsa mai gyaran janareta ne a Dakata. Shekaru ya kwashe yana haɗa wata 'yar motar ɗaukar kaya mai aiki da lantarki: ƙafa huɗu, kujera biyu a gaba, bayanta a shimfiɗe, a samanta kuma rufin sola mai faɗi wanda ya zarta jikin motar ta kowane gefe. Wannan rufin shi ne abin alfaharinsa, sau uku yana rushe shi yana sake ƙerawa. Ma'aikatan garejin suka sa mata suna Kyanwa, don sai ta zo bayanka ba ka ji ba. Rabon aikinmu a bayyane yake, shi ne hannu, ni ne baki. Yaya zai wuni bai yi magana goma ba, ni kuwa matata ta ce ko a cikin barci ciniki nake yi.

A gida kasuwar ta soma juya mana baya. An shigo da wasu ƙananan motocin lantarki daga waje masu araha, masu sheƙi, mutane suka koma can. Ana cikin haka Kawu Sale, ƙanin Innarmu da ke zaune a Jidda, ya nuna wa wani ɗan kasuwa bidiyon Kyanwa a waya. Mutumin ya ce a kawo guda ɗaya ya gani da idonsa, in ta yi masa zai sa a ƙera masa da yawa. Muka tura ta ta ruwa watanni kafin tafiyarmu. Ranar da za mu tashi Yaya ya tara ma'aikatansa su shida, ya nuna musu tarin ƙarafen da ke jingine a bango, ya ce kada wanda ya yanka ko taki ɗaya sai ya dawo. Sannan ya faɗa musu gaskiya: in Jidda ta ƙi, zai koma gyaran janareta, kowa ya nemi abin yi. Da wannan maganar a ƙirjinmu muka fita.

Inna ta tsare mu a zaure da ƙullin daddawa, yaji da kilishi na ƙaninta. "Ku ce masa na yafe masa rashin waya, amma ya ci wannan ya tuna gida," in ji ta. A filin jirgi ma'aikaciyar da ke duba kaya ta buɗe jakata ta rufe da sauri. "Alhaji, wannan ai ko ba a gaya mini ba." Na ce ta Inna ce. Ta yi dariya ta ƙara mini leda.

A sama

Da jirgin ya ɗaga na damƙe hannun Yaya, shi kuma ya zare hannunsa ya ci gaba da kallon fuffuke, wai yana so ya ga yadda aka ɗaure ƙusoshin. Da hankalina ya dawo sai na shiga bitar jawabina. Na tsara shi tsaf tun a gida, kuma da shi na sayar da kowace Kyanwa da muka taɓa sayarwa. Na farko, ka rabu da layin gidan mai da tsadar fetur. Na biyu, ko an ɗauke wuta mako guda rufinta zai sha rana ya ciyar da ita. Waɗannan biyun ko a Kwari ko a Singa ba su taɓa ba ni kunya ba.

Akwai abu na uku da na yanke shawarar ba zan faɗa ba. Batirinta ba a manne yake ba, akwatuna ne guda biyu masu marfi da hannu, kowanne nauyin jarkar ruwa, a ƙarƙashin kujera, da wasu biyu na ajiya a bayanta. Yaya ya yi haka ne don direba ya iya zarewa ya kai gidan maƙwabci mai janareta ya roƙi caji. Na ga wannan ai tallan talaucinmu ne, ba abin faɗa a ƙasar masu arziki ba.

"Yaya, ka ji yadda zan buɗe," na ce.

"Na ji sau bakwai, Nafi'u. Ka ci abincinka."

Jidda, daga filin jirgi zuwa Khumra

Bayan awa huɗu da wani abu muka sauka. Cikin ginin sanyi kamar firij, muna fita waje kuwa iska ta lulluɓe mu, ɗumi da danshi, kamar an kifa maka tawul ɗin da aka tsoma a ruwan zafi. Na ce wa Yaya zafin Kano mai gaskiya ne, yana ƙona ka a bushe, wannan kuwa dafa mutum yake yi.

Kawu bai zo tarbarmu ba, kuma mun san dalili. Umara ya zo tun ina saurayi ya zauna, ba shi da iƙama, wato takardar zama, don haka ba ya kusantar inda ake tambayar takardu. Ya turo mana wani direban tasi, Bahaushen Sudan, dattijo mai farin gemu da yawan raha.

"Yalla, ku shiga, mutanen Kano. Ku ne masu sayyara ta kahraba?"

Na gane motar lantarki yake nufi, na ce mu ne. Na ji daɗin yadda labarinmu ya riga mu isowa.

Hanya shimfiɗe, layi-layi, ga gadoji a kan gadoji, ni kuwa kaina kamar zai tsinke don waige. Muka wuce wani katafaren gidan gilashi cike da motocin lantarki na wani kamfanin ƙasar waje, fitilu na haska su. Na taɓa Yaya na nuna masa. Direban ya ga abin da nake nunawa ya girgiza kai.

"Masu kyau ne, wallahi. Ɗan 'yar'uwata ya sayi ɗaya. Wani ya goge masa ƙofa, halas, mota ta kwanta wata da watanni ana jiran ƙofa daga ƙasarsu. Kuma in za ka Madina zuciyarka tana kan allurar batir, ina zan yi caji, ina zan yi caji. Ga mukayyif yana shan batir, kuma wa zai kashe mukayyif a Jidda?"

Mukayyif shi ne na'urar sanyaya mota. Kyanwa ko ƙofa ba ta da ita, balle wannan. Na yi gyaran murya na tambaye shi fetur fa, ba ya wahalar da su? Ya nuna mini wani gidan mai da muke wucewa, fanko, ma'aikacin yana zaune yana danna waya. "Layi? Layin me?" Na ce a raina ai motarmu ta kaya ce, ba ta yawo ba.

Khumra

Khumra tana can kudu, bayan gari: sito-sito, garejoji, manyan motoci, da gidajen leburori. Kawu Sale yana tsaye a bakin wani lungu, ya yi furfura, ya rame, amma tafiyar Inna ce sak. Ya rungume Yaya, ya rungume ni, ya sake komawa kan Yaya. Da na miƙa masa ƙullin ya kai hanci, sai ya juya mana baya ya daɗe yana gyara hularsa. Ni ma na ji ƙwalla, ba zan ɓoye ba.

Ɗakinsa ƙarami ne, katifa uku, tukunyar gas, da wata tsohuwar na'urar sanyi a taga mai ƙara kamar injin markaɗe. Muka ci shinkafa bukhari da kaza a faranti ɗaya. Ina gama wanke hannu na zaro wayoyina biyu da fitilar hannu da ƙaramin batirin ajiya, na cusa su duka a soket.

"Me kake yi haka?" in ji Kawu.

"Ina cikawa kafin su ɗauke."

Ya yi dariya har da tari. "Ɗana, su wa? Tun da na zo ɗakin nan ban sayi kyandir ba."

Na yi dariya tare da shi. Ban kai tunanina inda ya kamata in kai ba, Allah ya sani.

Da safe bayan mun karya da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi, Kawu ya kai mu siton da yake dako, inda aka ajiye motar. Ganin Kyanwa a ƙasar Makka, da tambarin garejinmu a goshinta, ya sa na yi ta zagaya ta ina ɗaukar hoto kamar amarya. Yaya kuwa ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ɗago fuska a murtuke. Iskar teku ta yi aikinta. Duk inda waya ta haɗu da ƙarfe ya yi kore, ƙusoshin da ya shafa wa fenti da hannunsa sun yi jar tsatsa. A Kano mota sai ta shekara biyar ba ta yi haka ba. Ya cire riga, ya nemi buroshi da man giris, ya wuni a kwance a ƙasa.

Kawu ya ba ni labarin wahalar fito da ita. Batiran daban aka ɗauko su, don masu jiragen ruwa suna lissafa su cikin kaya masu haɗari, takardunsu sun fi na motar yawa. Ita kanta motar a matsayin samfur aka shigo da ita, ba ta da izinin taka titi. "In kuna so ku sayar a nan," in ji shi, "sai an gwada ta an ba ta shaidar inganci, sai kuma kun sami wakili ɗan ƙasa. Nan ba a yin a-bari-ya-huce."

Da la'asar Yaya ya murɗa makulli, fitila ta kawo, Kyanwa ta zame ba ƙara. Leburorin siton suka yi caa, Hausawan Najeriya da na Nijar da wasu 'yan Asiya. Wani ɗan Maraɗi ya ce, "Wallahi vwatir ɗin nan a Kano aka yi ta? A ɗana ni." Na ɗana shi. Na ɗana na bayansa. Kafin magariba babu wanda ban zagaya da shi harabar ba, har mai gadi. Yaya ya ce in bar batir ya huta, na ce gobe ai a rana za ta wuni, rufin zai cika ta. Bai musa ba, don shi ma da rufin ya dogara.

Bab Makka

Tun da ba ta da izinin titi, a bayan motar ɗaukar motoci muka ɗora ta, wadda suke kira satha. Kawu ya raka mu bakin hanya ya tsaya. "Iyakata ke nan. Allah ya ba da sa'a, ku kira ni."

Bab Makka kasuwa ce ta gaske, kusa da tsohuwar ƙofar gari. Atamfa, shadda, dabino, turare, ƙamshin gasasshen nama, da Hausa tana tashi ta ko'ina har ka manta inda kake. Alhaji Usman, wanda ya gayyace mu, babban dillalin yadi ne. Kakanninsa Hausawa ne da suka zauna a Sudan, shi kuma a Jidda ya girma, kowa Ammu Usman yake ce masa. Dogo ne, mai sanyin magana. Tare da shi akwai ɗansa Faisal, wanda ke riƙe da harkar sito da jigila. Faisal yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar sai ta kakare masa ya ƙarasa da Larabci.

Aka kawo shayi. Ammu Usman ya bayyana damuwarsa: yana da shaguna da ɗakunan ajiya a cikin Balad, tsohuwar unguwa, inda babbar mota ba ta shiga. Dilolin yadi a baro ake tura su, masu turawa suna tsufa, samari ba sa so. Na ga ƙofa ta buɗe, na gyara zama na saki jawabi.

Na yi na fetur. Suka saurara cikin ladabi, ba wanda ya gyaɗa kai. Na ce ba komai, babban yana tafe. Na miƙe tsaye, na nuna rufin da ke kan satha, na ɗaga murya yadda nake yi a Kwari: "Alhaji, wannan motar, ko an ɗauke wuta mako guda, ko an ɗauke wata guda, ba ruwanka!"

Faisal ya dubi mahaifinsa, ya dube ni, da gaske yake son ya fahimta.

"Ya ammi, afwan. Wuta... wa yake ɗauke ta? Ya kai ta ina?"

Ban taɓa jin bakina ya mutu irin na ranar ba. Dariyar Kawu ta dawo mini, da gidan man nan fanko. Mun ƙetare teku da maganin ciwon da mutanen nan ba su taɓa yi ba. Ammu Usman ya rufa mini asiri, ya ce wa ɗansa a can gida wutar takan yi tafiya ta dawo, sannan ya tura mini faranti. "Ci dabino, ya waladi. Mota ba da baki ake gwada ta ba. Mu shiga Balad."

Balad

Ya samo izinin gwaji na safiya ɗaya a lungun da ke bayan shagunansa. Aka sauke Kyanwa, aka ɗora mata diloli shida. Yaya ya kama sitiyari, Ammu Usman ya zauna a gefensa, ni da Faisal muna biye a ƙasa.

Balad ta tafi da hankalina duk da halin da nake ciki. Gidaje dogaye na dutsen teku, tagoginsu na katako ne da aka sassaƙa, sun turo kai waje ta sama, har na wannan gefe yana neman gaisawa da na wancan. Lungunan a inuwa suke, sanyi-sanyi. Ina cikin sha'awa sai na tuna inuwa ba abincin sola ba ce.

Kyanwa ta yi abin kirki a farko. Ta bi ta tsakanin mutane ba hayaƙi ba ƙara, masu shaguna suna leƙowa, wata tsohuwa ta tsaya tana yi mata addu'a. Na soma dawowa hayyacina, har ina ɗaga wa mutane hannu. Sai muka iso wata kwana inda lungun ya tsuke, ga tagar katako ta sauko ƙasa-ƙasa. Yaya ya taka birki. Jikin motar zai wuce, rufin ne ba zai wuce ba. Abin da ya hana bai fi taki ɗaya ba.

Faisal ya ɗaga hannu da sauri. "La, la, kada ta taɓa. Katakon nan ya fi kakana shekaru. In ya karce, mushkila kabira."

Yaya ya sauko. Ya dubi tagar, ya dubi rufin, ya auna da hannunsa. Na san abin da rufin nan ya ci masa. Na matsa kusa na ce a hankali ko mu nemi wata hanya. Faisal ya ce duk hanyoyin ɗakin ajiyar haka suke. Yaya ya buɗe akwatin kayan aiki ya ɗauko sifana, ya hau bayan motar ya soma kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana zuba su a aljihu. Ni da Faisal muka tallafa muka sauke rufin muka jingine shi a bango. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kasa kallon fuskarsa.

Ba rufi, Kyanwa ta shige kamar an auna lungun da ita. Ta kai diloli, ta dawo, ta sake ɗauka. Ammu Usman ya soma murmushi. A zuwa na uku, daidai tsakiyar lungu mafi cunkoso, ana dab da kiran azahar, ta yi ɗan kuka ta tsaya cak. Batir ya ƙare. Yawon da na yi da leburori jiya ne ya biyo mu, ga zafi, ga rufin da zai taimaka yana jingine a bango.

Masu baro suka taru a baya, masu zuwa masallaci a gaba. "Yalla, ya hajj, hanya!" Faisal ya sauke numfashi. Ya ce abin da ya faru ke nan da wata motar lantarki da suka gwada ta wani babban kamfani, in ta mutu sai an tura ta har wajen unguwa inda na'urar cajinta take, don a nan ba a yarda a fasa bango ko a haƙa ƙasa a kafa irin wannan na'ura ba. "Halas, abuya," ya ce wa mahaifinsa, "duk ɗaya ne."

Ni na riga na ga ƙarafen nan na Dakata ana sayar da su a kilo. Yaya kuwa abin da ya saba yi ya yi, ba tare da ya ɗauke shi wani abu ba. Ya roƙi Ammu Usman ya ɗan tashi, ya ɗaga kujera, ya zaro akwatunan biyu, ya jawo na ajiya guda biyu daga bayan kujera ya zura, ya murɗa makulli. Fitila ta kawo. Ya matsar da motar gefe mutane suka wuce. Sannan ya ɗauki matattun, ɗaya a kowane hannu, ya nufi shagon wani mai shayi da ke kusa, ya yi sallama.

"Malam, don Allah a taimaka mini da soket."

Mai shayin bai ji Hausa ba, amma ya ga waya ya ga akwati, ya nuna masa bayan firij. Bakin soket ɗinsu irin namu ne, mai ƙafa uku. Yaya ya cusa, 'yar fitila ta yi ja, ya yi godiya ya fito yana share hannu.

Faisal ya bi shi da kallo, ya shiga shagon ya durƙusa ya duba, ya ɗaga akwatin ya ji nauyinsa, ya fito. "Ya ammi, wannan... kowane shago? Soket na firij bas?" Yaya ya ce ƙwarai. Faisal ya juyo gare ni. "Kai ka yi kalam kasir, fetur, wuta, rana. Don me ba ka faɗi wannan ba?"

Na ce mu je masallaci, an tayar da iƙama.

Bayan salla muka zauna a shagon mai shayin. Ammu Usman bai yi mana alkawarin banza ba, kuma na gode masa da hakan. Ya ce ba zai sa a ƙera da yawa yanzu ba. Zai riƙe wannan ta yi masa aiki har zafin bazara ya wuce, ya ga yadda batir zai jure. Ya ce a ƙera masa guda biyu sababbi, ba rufin sola, sai rumfa mara faɗi da fanka, wayoyi a rufe saboda gishiri, kuma kowace ta zo da kayan gyaranta a akwati don kada ta kwanta jiran Kano. Faisal zai bi maganar shaidar inganci, in ta samu shi zai zama wakilinmu. In ba ta samu ba, kowa ya yi haƙuri.

"Biyu dai?" na ce, don baki ba ya mutuwa duka.

Yaya ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. "Mun karɓa, Alhaji. Allah ya sa albarka."

Makka, sannan gida

Rufin muka mayar Khumra a kan satha, don jirgi ba zai ɗauke shi ba. Kawu ya sa aka ɗora shi a kan ƙarafa huɗu a ƙofar ɗakinsa, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi. Ya ce ya daɗe yana neman inuwar shan shayi. Yaya ya tsaya ya dube shi, ya gyara masa kusurwa ɗaya da ta karkace, ya ce a riƙa share ƙurar duk da haka.

Muka yi umara kafin mu taso. Abin da na ji da na ga Ka'aba ba zan iya rubuta shi ba, kuma ba zan gwada ba. Na yi wa Inna addu'a, na yi wa Kawu, na yi wa mutum shidan da ke jiran mu. A rabuwa Kawu ya ba mu dabino da turare na 'yar'uwarsa, ya ce a gaya mata daddawar ta iso, kuma ranar Juma'a zai kira.

Mun sauka Kano da yamma. Yaya ya ce wa mai tasi ya wuce Dakata kai tsaye, ko gida ba mu biya ba. Ma'aikatan suna zaune a kan benci, suka miƙe, ba wanda ya iya tambaya. Ƙarafen suna nan a jingine yadda ya bar su. Yaya ya ajiye jaka, ya ɗauki alli, ya jawo ƙarfe ɗaya ya auna faɗin da ya saba, sannan ya rage taki ɗaya ya ja layi.

"Ku yanka," ya ce.

Garejin ya kaure da murna. Babban cikinsu ya jawo injin yanka ya cusa a soket, ya kunna, ya ɗora a kan layin. Tartsatsi ya fara tashi ke nan aka ɗauke wuta.

Muka tsaya a duhu. Sai na ji wata dariya da na daɗe ban ji ba, ta Yaya, har yana dafa kafaɗata. "Nafi'u," ya ce, "jawabin nan naka kada ka yar da shi. A nan yana da aiki."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Kawu Sale da ya raba katifarsa da mu, da Ammu Usman da ɗansa da suka gaya mana gaskiya, da mai shayin nan da ban san sunansa ba wanda ya ba baƙo soket bai tambayi dalili ba. Wani ya je ya tayar da janareta, aka ƙarasa yankan.